Yayana ya ce kar na kawo bakanike, wai raini ne ga abokinsa

Wata baiwar Allah ce ta turo min wannan saƙon daga Kaduna, ta roƙi na sakaya sunanta. Na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, yarana uku, muna zaune a sabuwar unguwa can bayan gari, hanyarmu in damina ta sauka sai dai a hankali. Tsohuwar Corolla ce dani, kullum cikinta na gurzar ƙasa, sau biyu salansa na cirewa a hanya. Na sayar da filin da na gada wajen mahaifinmu na haɗa da kwasar adashi, kuɗin ya kai miliyan 15, ina son ƙaramar jif irin RAV4 ko CR-V. Yayana yana da aboki dillalin mota, ya nuna min wata RAV4 tokumbo wai 2015, miliyan 14 da rabi, ya ce don darajar Yaya ne ya min wannan ragin. Da na ce zan zo da bakanikena ya duba sai Yaya ya ɓata rai, wai raini ne, abokinsa na shekara ashirin ba zai cuce ni ba. Maigidana kuma cewa yayi na rabu da tsohuwar mota, na bada kuɗin nan kafin alƙalami a sabuwa dal 'yar Chana, sauran na ci bashin banki a dinga cira a albashi. Na rasa wanda zan bi, kuma bana son ɓata wa kowa. Dan Allah a bani shawara."

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku ya sa albarka a abun da ya bari.

Sau biyu na karanta saƙonki, kuma abun da ya tsaya min a rai shine mutum uku kuna ta magana akan motar nan amma har yanzu babu wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Yaya yana kare abokinsa, maigida yana kare ra'ayinsa, ke kina jin nauyin su biyun, filin gado kuma ya riga ya tafi ba zai dawo ba.

Bari na baki labarin kaina dan kar kice daga littafi nake karanto miki. Shekarun baya na sayi CR-V wajen abokin surukina, shima haka aka ce min, ai na gida ne, ba sai an tsaya dube-dube ba. Motar tana ta sheƙi, cikinta ƙamshin turare har yana hawa kai, ni kuma kunya ta hana ni ko buɗe but. Wata biyu lafiya lau. Da zafin Afrilu ya shigo na ajiye ta a rana na shiga masallaci, ina fitowa na buɗe ƙofa sai wani wari ya buge ni irin na tabarmar da ruwa ya kwana a kanta. Daga nan gilashin baya ya fara sauka da kansa, hon ya dinga yi cikin dare ba kowa a ciki har maƙwabta suka fara cewa a nemo mai ruƙiyya. Mai gyaran waya ne ya warware min, ya kwance kujerar direba ya ɗaga kafet, wallahi busasshen laka muka gani da yashi mai laushi irin na bakin kogi, notunan kujera duk sun yi tsatsa, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya nuna min layin da ruwa ya tsaya a jiki. Motar ambaliya ce. Na kashe mata kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta kafin na rabu da ita da asara. Zumuncin da nake ta lallaɓawa kuma? Shekara guda gidajenmu basa ko gaisawa a biki. Da na kawo bakanike ranar farko, fushin kwana biyu za ayi a wuce wajen.

Kuma abun da na gane daga baya, shi kansa mutumin bai san motar ta sha ruwa ba. Wannan itace maganar da zaki kai wa Yaya. Abokinsa bai tuƙa motar nan a Amurka ba. Shima saya yayi a hannun wani a Legas, wancan kuma ƙila a gwanjon intanet ya saye ta irin na Copart ko IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci. Guguwar Harvey kaɗai da ta afka wa Houston a 2017 dubban ɗaruruwan motoci ta nutsar, kuma ba duka aka markaɗe ba, wasu an wanke su an loda a jirgin ruwa. Toh kinga mutum zai iya zama mai gaskiya ɗari bisa ɗari ya sayar miki da matsala. Ki sami Yaya shi kaɗai, ba a waya ba, ba kuma gaban abokin ba, kice masa: Yaya ni ban zargi abokinka ba, motar nake zargi, kuma tsakaninku nake karewa, in ta bada matsala gobe kai za ka fi kowa jin kunya. In ma da hali ki ce shi ya zaɓi rana ya raka ki, ki bashi girmansa. Dillalin da ya san kayansa lafiya ƙalau baya tsoron bakanike, wani ma da kansa zai miƙo makulli yace a je a gwada. In kuma aka ce sam ba za a duba ba, toh kin sami amsarki ba tare da kin kashe ko sisi ba.

Sannan wata tambaya da ke bazaki iya yiwa Yaya ba amma ni zan faɗa: a cinikin mota wanda ya kawo mai saye yawanci yana da la'ada. Ba haramun bane, ba kuma nace Yayanki ya karɓa ba. Kawai ki sani akwai hakan a kasuwa.

Yanzu ita motar. Abu na farko da zaki iya dubawa da kanki ba sai da kowa ba shine lambar jikin motar, wadda ake ce wa VIN ko lambar chasis, haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma kan sitika a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ki ƙirga zuwa na goma, shine yake faɗin shekarar motar. D na nufin 2013, E 2014, F 2015, G 2016. An ce miki 2015 ce ko? Toh F ya kamata ki gani. Dalilin da yasa nake jaddada wannan, RAV4 daga 2013 zuwa 2018 jiki ɗaya ne, fuska kawai aka ɗan canza a 2016, kuma a Legas akwai masu sana'ar canza bamba da fitilu su mayar da tsohuwa ta koma kamar ta baya-bayan nan, a ɗora miki kuɗin shekarun da bata da su. Ki ɗauki hoton lambar a wayarki, ki sa wani yaro mai wayo ya buga ta a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo suna fitowa da gabanta a murƙushe. Akwai kuma rahoton Carfax da ake biya kuɗi kaɗan, zai nuna hatsari da kuma nisan da ta yi lokacin da aka duba ta a can. Ki kwatanta da abun da allon motar ke nunawa yanzu, dan mayar da mita baya aikin minti goma ne ga masu kwamfuta. Kuma motar Amurka da mil take ƙirga ba kilomita ba, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, in kinga 120,000 toh kusan kilomita dubu 193 kenan, kar a rufe ki da baki.

Bakanike kuma ba kowane ba. Wanda yake gyara miki Corolla in kin yarda dashi toh, amma ya zo da mai na'urar kwamfuta da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari, kuma ke zaki biya su kuɗin aikinsu tun daga gida, ki faɗa musu ko an saya ko ba a saya ba kuɗinsu na nan. Dan in bakanike ya san cinikin ne zai kawo masa wani abu daga hannun dillali, kowace mota lafiyayya ce a bakinsa. Kuje da sassafe kafin a tada motar, ki taɓa bonet ki ji da sanyi, injin mai ciwo da safe yake tona kansa, da ƙara ko da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Ki murɗa makulli ba tare da kin tada ba, duk fitilun allo su kama har da na injin da na jakar iska, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda bata kama ba tun farko cire ta akayi ko aka liƙe ta da baƙin salatif. A ɗaga kafet, a ciro safaya taya a duba raminta, a ja bel har ƙarshe kamar yadda aka min. A hau da ita rami ko a ɗaga ta a ga ƙasanta, motocin Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye musu ciki da tsatsa. A duba indomi, wato tukunyar nan ta jikin salansa mai tace hayaƙi, ana yawan fasa ta a kwashe abun ciki a sayar, motar ta dawo tana shan mai tana wari. Sannan a hau titi da ita sosai, ba zagayen layi ba, ku hau bayafas ta kai gudun 100 da AC a kunne, kiji yadda giya ke shiga, in tana fizga ko tana jinkiri ki ajiye musu makullinsu kiyi godiya. Tayoyi ma suna da ranar haihuwa, lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2318 na nufin sati na 23 a 2018. Tayar da ta haura shekara shida ki lissafa kuɗin sababbi huɗu ki cire a farashi.

In ta tsallake duk wannan, RAV4 ta wannan zubin mota ce mai kyau, ba zan ɓoye miki ba. Injin 2.5 ne da giya shida ta gargajiya, kayan gyaranta daga Panteka har Ƙofar Ruwa a Kano babu inda za a ce miki babu, kuma ranar da kika tashi sayarwa bazata kwana a hannunki ba. Amma ga wani abu da dillalai basa faɗa, kuma ya shafe ki kai tsaye tunda hanya ce ta kore ki daga Corolla. Waɗannan ƙananan jif ɗin sunan jif kawai suka ci, ƙirar ƙaramar mota ce aka ɗaga, ba irin Prado ko Hilux bane masu ƙashin ƙarfe a ƙasa. RAV4 ta 2013 zuwa 2018 tsakanin cikinta da ƙasa wajen santimita 16 ne, alhali wadda ta gabace ta, ta 2006 zuwa 2012 mai taya a ƙofar baya, ta kai wajen 19. Kinga sabuwar ta fi tsohuwar kwanciya. Dan haka ki roƙi a bi da ita ta ainihin hanyar gidanku da mutum huɗu a ciki, daidai wajen da salansarki ke faɗuwa, ki gani da idonki. Kar ki sayar da fili ki sayi tsayin ɗan yatsa biyu.

In kuma zaki duba wasu: RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai injin 2.4 an santa da shan baƙin mai, daga 2009 aka koma 2.5 wanda ya fi lafiya. CR-V ta 2007 zuwa 2014 giyarta biyar ce ta gargajiya mai juriya, sai dai a duba AC da kyau a ta 2007 zuwa 2011. Daga 2015 Honda ta koma giyar CVT, wato otomatik mai aiki da bel ba irin ta gargajiya ba, wadda bata yafe kuskuren mai, bakanike ya zuba mata man giya na gama-gari shikenan an gama da ita. Nissan Rogue zaki ganta da araha tana kyalli, giyarta ce dalilin arahar, ni dai bazan baki shawararta ba. Mai jan ƙafa huɗu kuma in ba yashi ko taɓo mai zurfi kike shiga ba bakya buƙatarta, ƙarin shan mai ne da ƙarin abun lalacewa, tayoyinta ma so take su zama iri ɗaya duka huɗun.

Maganar maigida kuwa, yana da gaskiyarsa fa, kar ki watsar. Sabuwar mota babu wanda ya taɓa wahalar da ita, tana da garanti, kuma 'yan Chanan yanzu irin su Changan da GAC da Chery da Geely ba irin na da bane da ake musu dariya. Matsalata da bashin ne. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai nasa ruwan kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke ɗorawa mutum. Ko kin je bankin Musulunci irin Jaiz ko TAJ aka miki murabaha, wato su saya su sayar miki, kika tsira daga kuɗin ruwa, ribar da zasu ɗora ba ƙarama bace, kuma duk wata sai an cira ko an biya albashi akan lokaci ko ba a biya ba, ga inshora mai cikakken kariya da yawanci suke wajabtawa. Ki zauna da maigida da biro da takarda, ku nemi a rubuto muku jimillar abun da za a biya daga farko har ƙarshe, ba na wata-wata ba, dan na wata-wata shine yake yaudarar mutum. In abun da za a dinga cira ya haura kashi ɗaya cikin uku na albashinki ki haƙura. Ki kuma tambaye shi cikin ladabi, Abban yara in abu ya matse nawa zaka dinga sawa a ciki? Amsarsa zata nuna miki ko shawara ce ko sha'awa. Sannan ku tambayi kamfanin ina wajen sabis ɗinsu mafi kusa, dan garanti sharaɗinsa a wajensu za a dinga yin sabis, in sai kin je Abuja duk canjin mai toh ki sa wannan a lissafi, da kuma cewa ranar sayarwa 'yar Chana tafi Toyota faɗuwa a kasuwarmu.

Abun da yafi damuna a lissafinki ma ba wannan bane. Miliyan 15 gare ki, mota 14 da rabi, saura dubu 500. Wanda ya sayi rariya ai ya san zata zubar da ruwa, motar da ta shekara goma a duniya dole tana da abun da take jira. Satin farko zaki canza baƙin mai da filta, da man giya na asali wanda Toyota ta rubuta wato WS, da ruwan lagireto, ƙila batir, ƙila tayoyi huɗu, ƙila shokozoba, ga rajista da lamba, ga inshorar dole da ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Ga mai, tunda aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da 200 har ta taɓa haura dubu, kuma injin 2.5 zai fi Corollarki shan mai, ki ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu akan abun da kike kashewa yanzu. Ni a ganina kar kuɗin motar ya wuce miliyan 12 zuwa 13, sauran ki ajiye su a asusun da babu kati. Ko dai abokin Yaya ya sauko, ko ki nemi wadda ta girme ta da shekara biyu uku amma lafiyayya. Kuma kar ki raina wadda aka hau a gida, motar wani ma'aikaci da ya riƙe ta da kyau yana da takardun sabis ta fi tokumbon da ba a san tarihinta ba sau da yawa. Corollar kuma kar ki yi gaggawar sayar da ita sai sabuwar ta yi wata guda a hannunki, kuɗinta in ya shigo shima ya tafi asusun nan.

Takardu kuma kar kunya ta shigo nan ko kaɗan. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, amma har yau ana satar hanya dasu daga Kwatano, kuma kwastan in sun tare ki a hanyar Zariya ko Abuja babu ruwansu da cewa abokin Yayanki ne ya sayar miki. Ki karɓi kwafin takardun kwastan ki kai ofishinsu a tabbatar an biya fito kuma lambar da ke takarda itace a jikin mota harafi da harafi. Akwai kuma motocin sata, a 2024 EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka shigo dasu nan, kuma CR-V na cikin waɗanda aka fi sacewa a Kanadan. Kuɗi ta banki zaki tura, zuwa asusun mai sunan da ke kan rasit, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, makulli biyu a hannunki. Kuma sunanki za a sa a komai, ba na Yaya ba, ba na maigida ba, dukiyar gadonki ce.

Ranar da zaku je dubawar kar ki tafi da niyyar biya a ranar ko da komai yayi daidai, kuma kar ki bada kafin alƙalami dan an ce miki wani Alhaji na zuwa da yamma da kuɗi a hannu, wannan Alhajin kullum yana hanya. Ki dawo gida ki kwana, kiyi istihara, ki nuna wa maigida abun da na'ura ta fitar da hotunan da kika ɗauka. In kin samu lambar motar ki turo min ta inda kika turo wannan saƙon, zan sa a duba miki tarihinta kafin ranar.